Yadda muka fitar da mujallar kimiyya daga kwali zuwa buɗaɗɗen shafi a Legas

Mujallarmu ta wata ƙungiyar masana ce da ke aiki a fannin lafiyar al'umma da kimiyyar abinci, tana fitowa sau biyu a shekara. Shekara da shekaru a Shomolu ake buga ta, unguwar da injinan ɗab'i suka yi sansani a Legas. A ɗauko kwalaye, a raba wa mambobi a taron shekara, a aika wa ɗakunan karatu kaɗan, ragowar su zauna a ofis danshin damina ya bi su har shafuka su manne da juna. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu a Kano ko Maiduguri ko Damagaram ba shi da hanyar sanin ko an taɓa yin bincike irin nasa a kasuwannin Legas, ko da kuwa yana nan kwance a cikin mujallar. Kwamitin editoci, wanda da yawanmu 'yan Arewa ne da aiki ya kawo Yaba da Akoka da Idi-Araba da Oshodi, ya yanke shawarar a mayar da ita intanet, kowa ya karanta ba tare da biyan ko kwabo ba.

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar an ɗora PDF a wani shafi ko an watsa shi a WhatsApp, an gama. Ba haka ba ne. Sanarwar Budapest ta Fabrairun 2002, wadda har yau ita ake komawa gare ta, ta ce buɗe bincike yana nufin mutum ya iya karantawa, ya sauke, ya kwafa, ya rarraba, ya buga, ya bincika cikinsa, ba tare da shingen kuɗi ko na doka ko na fasaha ba. A aikace wannan yana buƙatar abu uku da PDF kaɗai ba ya bayarwa: adireshin da ba ya mutuwa, lasisin da ya faɗi abin da aka halatta wa mai karatu, da bayanan maƙala da injinan bincike za su iya karantawa. Duk wahalar da muka sha a kan waɗannan ukun ta ta'allaƙa.

Mun fara da takardu, ba da kwamfuta ba. ISSN lambar shaidar mujalla ce mai alƙaluma takwas, kuma a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Abin da ke kama mutane shi ne lambar bugun takarda ba ta aiki ga bugun intanet. Kowanne da tasa. Sai an nemi sabuwa, sannan bayan an samu a shiga shafin ISSN na duniya a tabbatar ta bayyana a matsayin wadda aka tabbatar, domin idan tana nan a matsayin ta wucin gadi, duk rumbun da za ka nema daga baya zai dawo da takardarka. Sunan mujallar kuma dole ya zama iri ɗaya sak a rajistar ISSN da bangon mujallar da shafin intanet. Ƙarin kalma ɗaya, ko sauya wurin "Nigerian" daga farko zuwa tsakiya, ya isa ya sa a ɗauke ta a matsayin wata mujallar dabam. Idan ana da niyyar canza suna, a canza kafin wannan matakin, domin sabon suna sabuwar ISSN yake ci.

Sunan shafi mun yi masa rajista a ƙarƙashin .org.ng, wanda hukumar NiRA da ke nan Iponri take kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su. Ana biya da naira, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Mun dage a kan abu guda: a yi rajistar da sunan ƙungiya da imel ɗin ƙungiya, ba da sunan yaron da ya iya kwamfuta ba. Mujallu da dama sun rasa shafinsu ta wannan ƙofar. Wanda ya yi rajistar ya samu aiki a waje ko ya canza lamba, saƙon sabuntawa ya je akwatin da ba wanda ke buɗewa, wa'adi ya ƙare, wani ya saye sunan ya cika shi da tallar caca, ko mafi muni ya ci gaba da karɓar kuɗin marubuta da sunan mujallar.

Manhajar da muka ɗora ita ce OJS, mai tafiyar da aikin mujalla a intanet, ta Public Knowledge Project (PKP), shirin da John Willinsky ya kafa a Kanada a 1998. Kyauta ce, kuma dubban mujallu a duniya a kanta suke. Tana buƙatar saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, mai PHP da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL. Mun zaɓi sigar da masu ita suka yi wa alƙawarin tallafi na dogon lokaci, ba wadda ta fito jiya ba. Ɗora ta ba ya ɗaukar lokaci. Inda ake faɗawa rami shi ne fayil ɗin config.inc.php. A cikinsa akwai layin files_dir, wato babban jakar da duk abin da marubuta suka turo ke shiga. Wannan jakar tilas ta kasance a wajen public_html, jakar da kowa ke iya kaiwa gare ta ta intanet. Idan tana ciki, kowa zai iya yin rajista a matsayin marubuci, ya turo fayil mai ɗauke da muguwar manhaja da sunan maƙala, ya kira shi ta burauza, ya ƙwace shafin gaba ɗaya. Yawancin shafukan mujallun da za ka buɗe ka tarar da tallar caca da wani harshe, ta nan aka shiga musu, ko kuma ta tsohuwar siga da ba a sabunta ba. Haka nan PHP na zuwa da iyakar megabayit 2 ga fayil ɗin da ake turowa. Maƙala mai hotunan madubin ƙwayoyin cuta ta fi haka, sai marubuci ya yi ta dannawa abu ya ƙi tafiya, shi kuma edita bai san ana yi ba. Mun ɗaga upload_max_filesize da post_max_size duka biyu, domin ɗaga ɗaya a bar ɗaya ba ya magani.

Imel ya fi komai cin rai. OJS kusan duk aikinta ta saƙo take yi: gayyatar mai bita, tunatarwa, sanar da marubuci hukunci. A yadda take zuwa, tana aika saƙo da adireshin editan da ya danna, alhali daga sabar mujallar saƙon ya fito. Tun Fabrairun 2024 da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan tantance mai aikawa, irin wannan saƙon ko dai ya faɗa akwatin tarkace ko ya ɓace baki ɗaya. Edita yana zaune yana cewa masu bita ba su da kirki, su kuwa ba su ga komai ba. Gyaran shi ne a haɗa OJS da SMTP na gaske, wato sabar aika imel, a sa bayanan tantance mai aikawa na SPF da DKIM da DMARC a rajistar sunan shafi, sannan a kunna force_default_envelope_sender da force_dmarc_compliant_from domin kowane saƙo ya fita da adireshin mujallar. Kafin mu buɗe wa jama'a, mun gwada aikawa zuwa akwatuna iri-iri, har da na jami'o'i, waɗanda wani lokaci sun fi na kamfanoni tsanani. Sai kuma cron, aikin da ke tashi da kansa a kan lokaci. Idan ba ya gudana, tunatarwa ba ta fita, rajistar DOI (lambar dindindin ta maƙala) ta kai-tsaye ma ba ta tafiya.

Muhawara mafi tsawo a kwamiti a kan lasisi aka yi ta. Wasu dattawanmu sun fi son lasisin Creative Commons na CC BY-NC-ND, mai hana kasuwanci da hana sauyawa, saboda tsoron kada wani ya tattara maƙalun ya buga littafi ya sayar a bakin ƙofar jami'a. Tsoron yana da tushe. Amma muka ce wa babban edita, ranka ya daɗe, sharaɗin hana sauyawa ya haɗa da fassara. Idan muka sa shi, malamin asibiti a Agege ba shi da izinin mayar da sakamakon bincike zuwa Hausa ko Yarbanci ya raba wa masu sayar da abinci, sai ya nemi izini a rubuce. Sharaɗin hana kasuwanci kuma yana jefa gidan rediyo mai zaman kansa da ke ɗaukar talla cikin shakka, haka ma jami'a mai zaman kanta. Mu kuwa bincikenmu na lafiya da abinci ne, amfaninsa yana wurin mahauta da masu tumatir na Mile 12 da matan da ke dafa abincin sayarwa. Aka tsaya a kan CC BY 4.0: kowa ya yi amfani, da sharaɗin ya ambaci mai aikin. Haƙƙin mallaka ya zauna a hannun marubuci, mujalla ta karɓi izinin fara wallafawa kawai. An rubuta wannan a shafin manufofi, an kuma sa shi a ƙasan shafin farko na kowace maƙala, domin PDF yana yawo shi kaɗai ba tare da shafin da ya fito ba.

Tsofaffin fitowa suna da tasu matsalar ta doka. Inda marubuci ya taɓa sa hannu a takardar miƙa haƙƙi ga ƙungiya, ƙungiya na da ikon sa sabon lasisi. Inda babu takarda, haƙƙin yana wurin marubuci, don haka muka bi su da wasiƙa. Waɗanda ba a same su ba, an bar maƙalunsu a buɗe don karatu amma ba a liƙa musu CC BY ba.

Aikin tsofaffin fitowar shi ne mafi yawan gumi. Mun fara neman ainihin fayilolin daga maɗaba'a. Wasu an same su, amma da CorelDRAW aka tsara su, kuma an mayar da rubutun zane kafin a kai injin, kamar yadda aka saba a Shomolu don kada fon ya canza. PDF ɗin da ya fito daga irin wannan yana da kyau a ido, amma hoto ne. Injin bincike ba ya ganin harafi ko ɗaya a ciki. Gwajin mai sauƙi ne: ka ja linzami a kan layi, idan bai haskaka ba, babu rubutu. Irin waɗannan da waɗanda sai a takarda muka same su, an yi musu sikanin a kan dpi 300, launin toka, aka bi su da manhajar gane haruffa, aka yanka kowace fitowa maƙala-maƙala. Google Scholar yana son kowace maƙala da nata adireshin, kuma fayil kada ya wuce megabayit 5. Wanda ya ɗora fitowa guda cur a fayil ɗaya, ko dai ba za a gan shi ba, ko a ɗauki sunan babban edita a matsayin marubucin komai. Mun shigar da su ta ƙarin manhajar QuickSubmit, wadda ke tsallake matakin bita, muna kula da ranar wallafa. Idan aka bar ta, OJS za ta sa ranar da aka ɗora, sai maƙalar 2009 ta bayyana kamar ta bana.

Mun ƙara tsakure na biyu da Hausa ga maƙalun da marubutansu suka so, kuma nan haruffa masu ƙugiya suka nuna halinsu. Har yanzu akwai masu rubutu da tsofaffin fon irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda ke aron maɓallan baka-biyu su nuna ƙ da ɗ da ɓ. A kwamfutar marubuci komai daidai ne, amma da an kwafa zuwa shafi sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Mun wajabta Unicode, muka zaɓi Charis SIL don tsara shafuka saboda yana da haruffan duka har da alamomin Yarbanci, muka kuma tabbatar rumbun bayanai yana kan UTF-8 tun ranar farko, domin gyara shi bayan an cika shi aiki ne mai haɗari. Sunayen mutanenmu ma suna rikita injina. Mutum ɗaya ya rubuta Muhammad a wannan maƙalar, Mohammed a waccan, yau sunan mahaifi ne a ƙarshe, gobe sunan gari. Sai aikinsa ya rabu gida uku, babu wanda ya nuna nauyinsa. Maganinsa ORCID, lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16 da ake samu kyauta tun 2012. Mun sa ta zama tilas ga marubucin da ke hulɗa da mujalla, kuma ta hanyar shiga asusunsa ya tabbatar, ba ya rubuto ta da hannu ba.

DOI shi ne adireshin da ba ya mutuwa. Mun shiga Crossref, ƙungiyar da ke yi wa yawancin mujallun duniya rajista tun 2000. A lokacin da muka shiga, ƙaramin mawallafi yana biyan dala 275 a shekara, da dala 1 ga kowace sabuwar maƙala, da santi 15 ga tsohuwa. Kuɗin ba shi da yawa, biyansa ne aiki, domin a lokacin katunan naira ba sa tafiya a waje, sai ta asusun dala na ƙungiya, shi kuma asusun sai da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Akwai kuma masu ɗaukar nauyi da Crossref ta amince da su, waɗanda ƙananan mujallu ke shiga ta hannunsu. Ga kuskuren da ya cika mujallunmu: OJS tana iya ƙirƙiro DOI ta buga shi a shafi, amma wannan bai zama rajista ba sai an tura bayanan zuwa Crossref an karɓa. Za ka ga lamba mai kyau da ta fara da 10, ka danna, a ce ba a san ta ba. Bayan kowace fitowa muna gwada kowace lamba a doi.org ɗaya bayan ɗaya. Kuma da an yi rajista ba a canza lambar har abada; idan shafi ya ƙaura, adireshin da take nunawa ake sabuntawa.

Sai batun wa zai biya, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin duka. A da shingen yana gaban mai karatu: ɗakin karatu ya biya kuɗin shekara ko ɗalibi ya tarar da maƙala a kulle. Yanzu manyan kamfanoni sun ɗauke shingen sun dasa shi gaban marubuci. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe wannan hanyar a 2021, ta sa Yuro 9,500, wato dala 11,390, a kan maƙala guda. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A wannan farashin kuɗin ya zarce naira miliyan 17, fiye da albashin shekara 20 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Rangwame akwai, amma kamfanoni da yawa da jadawalin Bankin Duniya suke aiki, Najeriya kuwa tana rukunin masu matsakaicin samu na ƙasa, don haka sau da yawa ragi ake ba mu, ba yafewa ba. Rabin abin da ba ka da shi har yanzu ba ka da shi. Malamin da ke Akoka yana iya karanta aikin takwaransa na Jamus kyauta, amma ba ya iya sa nasa a gefensa. Wannan ba buɗewa ba ce cikakkiya, kuma ba na jin ya kamata mu kwaikwaye ta a gida.

Mun zauna mun lissafa ainihin abin da mujallar ke ci: saba, sunan shafi, Crossref, manhajar gano satar fasaha, mai gyaran rubutu, mai tsara shafuka. Da aka cire kuɗin takarda da tawada da aikawa, sai ya zamana abin da ƙungiya ke kashewa a ɗab'i ya isa ya riƙe mafi yawan wannan. Aka yanke cewa ba za a karɓi kuɗi daga mai karatu ko marubuci ba; kuɗin mambobi ne zai ɗauka. Wannan tsarin ba sabo ba ne. Birazil ta gina SciELO, rumbun buɗaɗɗun mujallu, tun ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin hukumomin bincike, kuma shawarar UNESCO ta Nuwamban 2021 a kan buɗaɗɗiyar kimiyya ta ƙarfafa irin waɗannan hanyoyi da ba na neman riba ba. Mujallun manyan makarantun gwamnati suna da ƙofar TETFund, wadda ke da tallafin mujallun bincike. Mu na ƙungiya ba mu da ita kai tsaye. Wanda ya ga dole sai ya karɓi kuɗi, to ya rubuta adadin a fili a shafinsa, ya karɓa bayan an amince da maƙala, kuma editan da ke yanke hukunci kada ya san wa ya biya wa aka yafe wa.

Dalilin wannan sharaɗi na ƙarshe a bayyane yake ga duk wanda ya bi abin da ya faru da Hindawi, kamfanin wallafa buɗaɗɗun mujallu da ke karɓar kuɗi daga marubuta. Wiley ta saye shi a 2021 a kan dala miliyan 298. Idan kuɗin shiga yana ƙaruwa da yawan maƙalun da aka karɓa, ƙin maƙala asara ce. Masu sayar da maƙalun bogi suka mamaye fitowa na musamman, a Maris 2023 Clarivate ta cire mujallunsa 19 daga Web of Science, jerinta na mujallun da aka tantance, a shekarar kuma aka janye maƙalu sama da 8,000, daga baya aka ajiye sunan gaba ɗaya. A 2023 maƙalun da aka janye a duniya sun haura 10,000. Masu ba da kuɗin bincike ma sun fara juyawa. Plan S na Turai, da aka sanar a Satumban 2018, ya tilasta buɗewa amma ya ƙara wa tsarin biyan marubuci ƙarfi. Gidauniyar Gates kuwa daga Janairun 2025 ta daina biyan kuɗin wallafa, ta ce a fara sakin daftari a buɗe kafin bita. Masana kimiyyar lissafi da fiziya sun saba da haka tun arXiv, rumbun dafturorinsu, na 1991. BioRxiv ya zo a 2013, AfricArXiv a 2018, medRxiv a 2019. Don haka muka rubuta a manufofinmu cewa sakin daftari ba ya hana mu karɓar maƙala, da sharaɗin marubuci ya faɗa mana, mu haɗa lambobin biyu.

Tunda ba kuɗi muke nema ba, abin da za mu sayar shi ne amana, ita kuma a wurin bita ake gina ta. Kowace maƙala masana biyu ne ke duba ta, ba daga makarantar marubuci ba, ba su san shi ba, bai san su ba. Cire suna daga shafin farko bai isa ba. Fayil ɗin Word yana riƙe sunan mai shi a bayanansa na ciki da kuma cikin gyare-gyaren da aka bibiya, sai an goge. Idan marubuci ya ba da sunan wanda zai iya bita, muna neman adireshin mutumin da kanmu daga shafin makarantarsa, domin an sha kama masu ƙirƙiro imel da sunan farfesa su yi wa kansu bita. Manhajar gano satar fasaha ba alƙali ba ce: kamanceceniyar kashi 25 na iya zama manazarta da bayanin hanyar gwaji da kowa ke maimaitawa, kashi 8 kuma ya zama sakin layin sakamako da aka ɗauke cur. Sai edita ya buɗe rahoton ya karanta. Binciken da ya shafi mutane sai da lambar amincewar kwamitin ɗa'a. Mun kuma bi matsayin COPE da ICMJE, kwamitocin ɗa'ar wallafa da na editocin mujallun likitanci, na 2023: manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta zama marubuci, wanda ya yi amfani da ita ya bayyana, kuma mai bita kada ya zuba maƙalar wani a cikinta. Yanzu muna duba manazarta ɗaya-ɗaya, domin waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, da marubuta na gaske da shekara da shafi.

Bayan komai ya daidaita muka nemi shiga DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallu da aka fara a Jami'ar Lund ta Swidin a 2003. Neman kyauta ne, amma mutane ne ke dubawa, suna buɗe kowane adireshi da ka ba su. Suna son aƙalla maƙalun bincike biyar a shekara, sabuwar mujalla kuma ta yi fiye da shekara tana fitowa ko ta wallafa maƙalu goma. Suna son sunayen editoci da wuraren aikinsu, bayanin yadda ake bita, lasisi, da maganar kuɗi ko da ba a karɓa. Sharaɗin da ya fi kama mujallun ƙungiyoyi shi ne maƙalun da edita ko ɗan kwamiti ko mai bita ke cikin marubutansu kada su wuce kashi 25 cikin ɗari a ɗayan fitowa biyu na ƙarshe. A fitowa mai maƙala takwas, biyu ke nan. Faɗa wa manya cewa maƙalarsu za ta jira ko ta tafi wata mujallar ba abu ne mai daɗi ba, amma idan aka ƙi ka, yawanci sai bayan wata shida za ka sake nema. Kuma a kula kada shafi ya yi tufka da warwara, a ce CC BY a sama, a ƙasa kuma tsohon rubutun "an kiyaye dukkan haƙƙoƙi" yana nan. AJOL ma mun nema, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, yanzu yana Afirka ta Kudu, inda mujallun Najeriya suka fi na kowace ƙasa yawa. Masu karatu da yawa daga can suke fara zuwa.

Wani bincike da aka fitar a 2020 ya gano buɗaɗɗun mujallu sama da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, babu kwafi a ko'ina. Takarda ko ta jiƙe ana samun ta a wani ɗakin karatu. Shafi idan ya tafi ya tafi. Mun kunna ajiyar PKP PN, wadda kyauta ce ga mujallun OJS masu ISSN, tana rarraba kwafi a ɗakunan karatu da dama bisa tsarin LOCKSS. Ban da ita, ana kwafe rumbun bayanai da jakar fayiloli duka biyu zuwa wani wuri dabam da sabar, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan, kuma lokaci-lokaci ana gwada mayar da kwafin a wata kwamfuta a ga ko yana tashi. Yankewar wayoyin ƙarƙashin teku ta ranar 14 ga Maris 2024, da ta taɓa MainOne da WACS da SAT-3 da ACE a lokaci guda, ta sa muka ƙara ajiye kwafi a faifai a ofis. Kalmomin sirri na saba da sunan shafi da Crossref suna hannun mutum biyu, da kwafi a rufe wurin sakataren ƙungiya, kuma miƙa su yana cikin takardar miƙa mulki.

Abin da har yanzu ke jan mu baya shi ne ƙarin girma. Kwamitocin jami'o'i da yawa suna ba maƙalar da ke jerin mujallun duniya irin su Scopus ko Web of Science maki fiye da ta gida, don haka matashin malami zai gwammace ya ci bashi ya biya dala da ya kawo mana aikinsa mafi kyau. Ban ga laifinsa ba, iyali gare shi. Amma sanarwar DORA ta 2012 ta daɗe da cewa a auna aikin kansa, ba sunan mujallar da ya fito ba, kuma muddin majalisun jami'o'inmu ba su gyara jadawalin maki ba, kuɗin binciken ƙasar nan zai ci gaba da fita waje. Wasu masu tantancewa kuma har yanzu sai sun riƙe bugun takarda a hannu. Saboda su muke buga kwafi kaɗan a ƙarshen kowane kundi. Maƙalun kansu yanzu ba sa jiran fitowa ta cika. Wadda ta kammala ana sakinta da lambar maƙala a maimakon lambar shafi, a rufe fitowar a watan da aka saba. Scopus yana son tarihin fitowa a kan lokaci da tsakure na Turanci, PubMed Central kuma, rumbun maƙalun lafiya na Amurka, yana son aƙalla maƙalu 25 da aka yi wa bita da cikakken rubutu a tsarin JATS XML. Wannan na ƙarshe ne aikin da ke gabanmu: mun fara da tilasta wa marubuta amfani da samfurin Word mai tsayayyun kanun rubutu da teburan gaske maimakon hoton tebur, domin daga irin wannan fayil ɗin ne kawai ake iya fitar da XML ba tare da an sake buga maƙalar da hannu ba.